DARASIN FIƘIHU: Hukuncin Hutar da Dabbar da Aka Yanke Ƙaunar Warkewarta

 

TAMBAYAR DA TA JAWO DARASIN

Wata rana bayan mun tashi daga darasin nahawu, sai wani ɗalibi ya biyo mu har bakin ƙofar makaranta, ya ce: "Malam, ina da tambaya, amma ba ta Larabci ba ce." Muka ce ya faɗi. Ya ce kyanwar gidansu, wadda ta shekara goma sha ɗaya tare da su, babur ya take ta kwana biyu da suka wuce. Tun daga nan take jan ƙafafun baya, ba ta ci, ba ta sha, dare ya yi sai kuka. Yayyensa sun ce a saka ta a buhu a kai bola a huta. Kakarsa kuwa ta ce kada wanda ya taɓa ta, Wanda Ya ba ta rai Shi zai karɓi abinsa. Shi kuma ya ji an ce likitan dabbobi yana da wata allura da ke ɗauke rai ba tare da wahala ba. Ya ce: "Malam, in na kai ta aka yi mata, na yi kisan kai?"

Ba mu ba shi amsa nan take ba, domin fatawa ba abin gaggawa ba ce. Mun koma ga littattafai, muka kuma tuntuɓi manyanmu. Abin mamaki, yawancin malaman da muka tarar sun yi magana a kan wannan mas'ala mazauna gari ɗaya ne, wato birnin Alƙahira na ƙasar Masar. Saboda haka can za mu nufa da darasinmu na wannan fitowa.

1. ASALI: RAN DABBA AMANA NE

Kafin a zo maganar ɗauke rai, wajibi ne mu san matsayin ran. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga gonar wani Ba'ansare, raƙumi ya gan shi ya zubar da hawaye, sai ya kira mai raƙumin ya tsoratar da shi Allah a kan barin dabbar da yunwa da yawan aiki.

To, daga nan muka fahimci cewa asali shi ne haramcin kashe dabba ba da haƙƙi ba. Shawarar buhu da bola kuwa ba ta da mazauni ko kaɗan a shari'a, domin ita ce ainihin laifin waccan mata: a tsare dabba a bar ta ta mutu da yunwa da ƙishirwa.

2. HAƘƘIN DABBA BAYAN AMFANINTA YA ƘARE

Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ake yi wa laƙabi da Sarkin Malamai, ya rasu a Alƙahira a shekarar 660 ta Hijira, daidai da 1262 Miladiyya. A cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkam ya jera haƙƙoƙin da dabbobi ke da su a kan ɗan Adam. Na farkonsu shi ne a ci gaba da ciyar da dabba irin ciyarwar da ake yi wa irinta, ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara moriyarta. Daga ciki akwai kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kada a haɗa ta da abin da zai cutar da ita, a kyautata yanka idan za a yanka ta, kuma kada a yanka 'ya'yanta tana kallo.

Mutanen wancan gari sun aikata irin wannan a zahiri. Sarki Zahir Baibaras, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa don a riƙa ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Lane, wanda ya zauna a Alƙahira ya kuma fitar da littafi a kan al'adun Misirawa a 1836, ya ba da labarin cewa a zamaninsa kuɗin lambun ya ƙaranta, amma alƙalin gari ya ɗauki nauyin, kullum da la'asar ana kawo kayan ciki a farfajiyar kotu kyanwoyi su taru su ci.

Akwai kuma labarin da mu masu koyar da Larabci muke ƙauna, na malamin nahawu Ibnu Babshaz, wanda ya rasu a Masar a 469 ta Hijira. Ibnu Hallikan ya kawo cewa wata rana yana cin abinci da abokansa a saman masallaci, sai wata kyanwa ta zo suka jefa mata loma. Ta ɗauka ta tafi, ta dawo, suka sake jefa mata, ta sake tafiya. Da abin ya yi yawa sai suka bi ta, suka tarar tana kai wa wata makauniyar kyanwa ce a wani kango. Darasin da ke nan shi ne: makanta, ko gurguntaka, ko tsufa, babu ɗayansu da ya zama dalilin ɗauke ran dabba. Kyanwa mai ƙafa uku tana rayuwa, makahon doki yana cin harawarsa. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka ba a sanin mai tausayin dabba sai ranar da ta daina amfanarsa.

3. SAƁANIN MALAMAI

Yanzu ga ainihin mas'alar. Dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki ko alfadari, ciwo ya kai ta inda ba a sa ran tashinta, tana kuma cikin azaba. Shin ya halatta a gaggauta mata mutuwa don ta huta? Malamai sun kasu biyu.

Kashi na farko sun hana. Wannan shi ne sananne a wurin Shafi'awa da Hambalawa. Hujjarsu ita ce, an halatta yanka ne don ci, dabbar da ba a ci kuwa ba a ba mu izinin ɗauke ranta ba, kuma wajibin ciyar da ita bai faɗi ba muddin tana numfashi. Daga cikin Malikawa ma, Imam Shihabuddini Alƙarafi, almajirin Shehu Izzuddini, wanda ya rasu a Alƙahira a 684 ta Hijira (1285), ya karkata ga hani a cikin sharhinsa na Tanƙihul Fusul.

Kashi na biyu sun halatta. Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, mai Muhtasar ɗin nan da malamanmu ke karantarwa a zaure bayan Risala da Askari, shi ma mutumin Alƙahira ne, ya rayu a ƙarni na 8 na Hijira. A babin yanka ya ambaci halaccin yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga gare ta. Shehu Ahmadu Dardiri, babban malamin Malikawa a Azhar, wanda ya rasu a 1201 ta Hijira (1786), da ya zo sharhin wurin sai ya ba da misali da jaki da alfadari, ya kuma ƙara da cewa abin har mustahabbi ne saboda hutar da dabbar. Littattafan Hanafawa ma sun kawo cewa babu laifi a yanka jakin da ya yi ciwon da ba a amfana da shi don ya huta. Malaman wannan zamani da suka bi wannan ra'ayi suna shigar da kyanwa da kare a ƙarƙashinsa, domin dalilin ɗaya ne.

A lura da kalmomi biyu na Larabci da hukuncin ya rataya a kansu. Ta farko ita ce "ya'su", ma'anarta yanke ƙauna ko ɗebe tsammani. Wannan ya wuce tsoro, ya wuce zato. Mai tsoro yana cewa wataƙila ba za ta tashi ba, mai yanke ƙauna kuwa ya ƙare hanyoyinsa. Ta biyu ita ce "iraha", wato hutarwa, daga tushe ɗaya da "raha". Abin tambaya a nan shi ne: wa ake so a hutar? Malamai sun yi nufin dabbar ne. Idan mai ita ne yake neman hutu daga wanke miki da sayen magani, to ya fita daga rangwamen.

Mu a nan muna tafiya a kan maganar Halilu da Dardiri, domin ita ce sananniya a mazhabarmu. Amma maganar kakar ɗalibinmu ba jahilci ba ce, manyan malamai sun riga ta faɗa. Wanda ya bi ta ba a zarginsa, da sharaɗin ya tsaya ya yi jinya ta haƙiƙa: inuwa, ruwa, tsabta, da maganin rage zafi.

4. TSOFAFFIN DAWAKIN YAƘI A ALƘAHIRA

Domin mu ga yadda wannan mas'ala take idan ta sauko daga littafi zuwa titi, ga wani abu da ya faru a wannan birni. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, sojojin Ingila ba su koma gida da dawakinsu da ke Masar ba, sai aka sayar da dubbai a can. Dawakin suka faɗa hannun talakawa masu jan keken kaya da masu aikin fasa dutse, mutanen da su kansu da ƙyar suke samun na yini.

A 1930 wata mata 'yar Birtaniya mai suna Dorothy Brooke ta iso Alƙahira tare da mijinta, wanda hafsan sojan doki ne. Ta riƙa ganin waɗannan dawaki a tituna, da shaidar soja a jikinsu, sun tsufa, haƙarƙari a waje, wasu guragu, wasu makafi, amma suna ta jan kaya. A 1931 ta rubuta wasiƙa ga jaridar Morning Post ta Landan tana neman taimako, jama'a suka aiko da kuɗi. Cikin kimanin shekara uku ta sayi dawaki wajen 5,000. Mafi yawansu sun riga sun wuce magani, sai aka ba su abinci da ruwa da wurin kwanciya, sa'an nan aka ɗauke ransu ba tare da azaba ba. 'Yan kaɗan da ke da sauran ƙarfi aka yi musu jinya. A 1934 ta kafa asibitin da ke duba dawaki da jakuna da alfadaran talakawa kyauta a Alƙahira, wanda daga baya aka san shi da sunanta. Ta rasu a 1955.

Wannan mata ba Musulma ba ce, amma hikima kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta ya ɗauka. Darussa uku muka gani. Na ɗaya, saye ta yi, ba ta ƙwace ba, domin ta gane cewa talauci ne ya sa mai keke yake aiki da gurgun doki, in ya rasa shi iyalinsa za su kwana da yunwa. Na biyu, an duba kowace dabba ita kaɗai kafin a yanke mata hukunci. Na uku, aikinta ya ƙare ne da gina asibiti, domin yawancin abin da ke kai dabba ga halin yanke ƙauna ƙaramin miki ne da aka ƙyale. Rigakafi ya fi magani. Wannan ya shafi jakunan da ke jan kaya a Bawku da Bolgatanga, ya shafi dawakin da muke yi wa ado ranar hawan Sallah, ya kuma shafi kyanwar da ke bayan madafarmu.

5. YAYA AKE GANE LOKACI YA YI?

Daga maganganun malamai da abin da likitocin dabbobi ke dubawa, mun tattara tambayoyi shida. Kada a yanke hukunci sai an amsa su.

(a) Masani ya duba ta? Yanke ƙauna ba na mai kallo ba ne. Alal misali, kyanwar da ta karye a ƙugu takan ja ƙafafu kamar wadda lakarta ta tsinke, amma ta farkon sau da yawa tana warkewa idan an killace ta makonni kaɗan. Likita ne ke bambance su.

(b) Tana cikin zafin da magani ba ya kwantarwa? Dabba ba ta magana, amma jiki magayi: nishi, numfashi da ƙyar, ɓuya a lungu, cizon hannun da ta saba da shi.

(c) Tana ci tana sha da kanta, ko ta daina kwanaki a jere?

(d) Tana iya tashi ta yi fitsari da kashi, ko tana kwance a cikinsu har fata ta fara ruɓewa? Babbar dabba irin doki ko jaki idan ta daɗe a kwance ba ta tashi, nauyin jikinta kansa yana lalata mata nama da huhu.

(e) Akwai wanda zai karɓe ta ya yi jinya idan mai ita ya gaza? In akwai, a ba shi.

(f) Mene ne niyya? Mutum ya tambayi zuciyarsa tsakaninsa da Allah: ita nake tausaya wa ko aljihuna?

Tsufa shi kaɗai ba ya cikin jerin nan. Kyanwa takan haura shekara 15, doki da jaki sukan kai 25 zuwa 30 idan sun sami kulawa. Tsohuwar dabbar da ke cin abincinta tana shan hantsi, a bar ta da ranta.

6. IDAN ZA A YI, YAYA ZA A YI?

Hadisi na 17 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi, wanda Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu (R.A.), ya koyar da mu cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kome, har da kisa da yanka, a wasa wuƙa, a sauƙaƙa wa dabba. Malaman dā sun ambaci yanka ne domin ita ce hanya mafi sauri da suka sani. A yau likitan dabbobi yakan fara da allurar barci, sa'an nan ya zuba magani mai ƙarfi ta jijiya, dabbar ta fita hayyacinta cikin daƙiƙoƙi, zuciya ta tsaya cikin 'yan mintuna. Tunda manufa ita ce hutarwa, ba ci ba, wannan hanya ta cika manufar. Inda babu likita, ƙwararren mahauci da kaifaffiyar wuƙa shi ne mafita.

Haramun ne a yi da maganin ɓera ko wata guba, ko nutsarwa a ruwa, ko rataya, ko jifa, ko wuta, ko yunwa. Duk waɗannan azabtarwa ce. Kada a yi a gaban 'yan'uwanta, kada a mai da abin kallon yara. Bayan an gama a haƙa rami mai zurfi a binne, domin maganin allurar yana nan a cikin naman, zai iya kashe kare ko ungulun da ya ci. Ba a yi wa dabba wanka ko likkafani ko salla.

7. MAS'ALOLI BIYU MAKUSANTA

Dabbar da ake ci, kamar rago ko akuya, hukuncinta ya fi sauƙi: idan aka ga za ta mutu sai a yanka ta tun da sauran rai. Buhari ya ruwaito cewa kuyangar Ka'abu ɗan Maliku (R.A.) ta ga tunkiya za ta mutu, ta fasa dutse ta yanka ta da shi, Annabi (S.A.W.) ya yi izinin ci. Amma halaccin yanka daban, lafiyar nama daban. A watan Yuni na 2023 cutar antaraks, wadda ke kama mutum daga naman dabba, ta ɓulla a arewa maso gabashin Gana, har hukuma ta dakatar da yanka da safarar dabbobi a yankin na wani lokaci. Saboda haka dabbar da ba a san ciwonta ba, a nemi jami'in dabbobi kafin a taɓa naman, kuma sayar da shi a ɓoye ha'inci ne.

Mahaukacin kare kuwa shari'a ta yi izinin kashe shi don kare mutane. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. Shi ma karen a sanar da jami'ai, kada a taru a kansa da duwatsu.

8. GARGAƊI: BA A ƘIYASTA ƊAN ADAM A KAN DABBA

Wasu ƙasashe sun halatta wa likita ya ɗauke ran majinyaci idan ya nema, kamar Holan da Beljiyam tun 2002. Kada wani ya ce to ai tausayin ɗaya ne. Alƙarafi, a wurin da ya yi maganar dabba, ya bayyana cewa malamai sun haɗu a kan haramcin yin haka ga mutum kome tsananin ciwonsa. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum daga mutanen dā da zafin rauni ya ishe shi ya yanke hannunsa har ya mutu, aka haramta masa Aljanna. Bambancin shi ne, ɗan Adam mukallafi ne, ciwonsa kankarar zunubi ne, haƙurinsa lada ne, kuma numfashi ɗaya na iya zama na tuba. Dabba ba ta da wannan lissafi, kuma tun asali shari'a ta sanya al'amarinta a hannun mai ita bisa amana.

YADDA AKA ƘARE

Mun ce wa ɗalibinmu ya fara da kai kyanwar wurin likita, kuma kada ya yi kome a bayan idon kakarsa. Likita ya matse yatsun ƙafar baya da ƙarfi, ba ta ji ba, ya ce laka ta tsinke, fitsari ma ba ya fita sai an matsa mara, babu hanyar gyara. Da yamma muka je muka gaida Hajiya, muka karanta mata ra'ayoyin biyu kamar yadda muka kawo su a nan, ba mu ɓoye wanda ya dace da nata ba. Ta yi shiru, can ta ce: "Malam, tunda yana cikin Muhtasar, ku je. Amma a ba ta madara tukuna, ko ba za ta sha ba." Aka yi haka. Washegari yaron ya binne ta a bayan gida. Amsar tambayarsa kuwa ita ce: bai yi kisan kai ba, muna kuma yi masa fatan lada a kan niyyarsa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Kawo haƙƙoƙin dabba uku daga waɗanda Shehu Izzuddini ya ambata.
2. Mene ne bambancin "ya'su" da zato, kuma me ya sa hukunci ya rataya a kansa?
3. Wace hujja masu hani suka kafa?
4. Me ya sa ba a ƙiyasta mutum a kan dabba a wannan babi?

Muna roƙon kowane reshe ya tattauna waɗannan a zamansa na mako, ya kuma binciko inda ofishin likitan dabbobi mafi kusa da unguwarsu yake, a sanar da iyaye. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu. Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, Ya ji ƙanmu. Wallahu a'alamu.